Injin Ƙara Wa Shawa Ƙarfi: A Bayan Tanki, Ba A Kan Layin Unguwa Ba

Makon nan layi ya zo kaina, kuma zan ɗan fitar da mu daga labari da waƙa in kai mu banɗaki. Wanda ya ga kamar zancen bai dace da zauren nan ba, ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Wani yayi ne ya shigo gidajenmu. Mutum zai gina gida, ya manna tayil har sama, ya sayo kan shawa mai faɗin faranti irin na otal, ranar da ya murɗa sai ruwa ya riƙa ɗiga kamar ana tsiyaye man ja da sanyin safiya. Ya kira filamba. Shi kuma ko ɗaga kai ya kalli tanki bai yi ba, sai ya ce a sayo busta, wato ɗan injin nan da ke ƙara wa ruwa ƙarfi. Ni ba na adawa da injin. Abin da nake ja da shi shi ne a mai da shi maganin farko, da kuma inda wasu ke ɗaura shi.

Mu fara da dalilin da ya sa ruwan ba shi da ƙarfi. A gidan da ke shan ruwan tanki, babu abin da ke tura ruwa sai tsayi. Girman tanki ba ya ƙara komai a nan: mai lita 500 da mai lita 5,000, in dai saman ruwansu na tsayi ɗaya, ƙarfinsu ɗaya ne a bakin famfo. Lissafin da aka koya mana a makaranta shi ne, kusan kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da ma'auni ɗaya na ƙarfi, wanda ake kira bar. Kuma ba daga ƙasa ake aunawa ba, daga kan shawa ne zuwa saman ruwan da ke cikin tanki. To ɗauki gidan da aka ɗora tanki a kan ƙarfe mai mita 4, kan shawa kuma yana mita 2 daga daɓe. Ratar da ta rage mita 2 ce zuwa 3, wato ko kashi ɗaya cikin uku na bar ɗaya ba a samu ba, alhali da yawa daga cikin faffaɗan kawunan shawar nan an ƙera su ne don bar ɗaya ko fiye. Shi ya sa famfon tsakar gida ke zuba da ƙarfinsa, shawa kuwa tana kuka. Famfon ya fi ta ƙasa, ratarsa ta fi yawa.

Ɗan ƙarfin da ya rage kuma sai bututu ya cinye shi. A saukar da ruwa daga tanki da bututun rabin inci don a rage kuɗi, a bi da shi lungu-lungu da gwiwa goma, kowace gwiwa tana karɓar nata kason. Da an sauko da inci ɗaya, aka rage shi sai a bakin banɗaki, da rabin kukan bai taso ba. Wani lokacin ma abin bai kai haka ba. Yashin rijiyar burtsatse ne da farin gishirin ruwa suka toshe ramukan kan shawa, ko wani bawul aka bari a rabin buɗe tun ranar da aka gama aiki. Kwance kan shawar ka jiƙa shi cikin ruwan lemon tsami ya kwana, ka gani. Wanda bai gwada waɗannan ba ya tafi kasuwa sayen inji, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Akwai inda injin ya zama dole, ban musa ba. Mai zaune a saman bene, wanda tanki ke kusan kafaɗa da kafaɗa da banɗakinsa, ba shi da ratar da zai dogara da ita. Haka gidan da ke da tsoho ko marar lafiya da ba ya iya sunkuya kan bokiti. A irin wannan hali a ɗaura injin a kan bututun da ya fito daga tanki, kafin ya rabu zuwa hita, don ruwan zafi da na sanyi su zo da ƙarfi ɗaya. In aka ƙara wa ɗaya aka bar ɗaya, mai ƙarfin ne zai danne ɗan uwansa, kuma in na zafin ne, fatar yaro ce za ta biya. A saka matata a gabansa saboda yashi, a zaɓi wanda ke kashe kansa in tanki ya ƙare, don injin da ya yi ta juyawa babu ruwa ƙonewa yake yi. Maganar wuta kuwa ba ta wasa ba ce. Injin ya zauna a wajen banɗaki, da wayar at ta gaskiya wadda ta shiga ƙasa, da bireka irin mai yanke wuta da zarar ta fara zuba. Jiƙaƙƙen mutum tsaye a kan jiƙaƙƙen daɓe ba ya samun damar gyara kuskuren mai haɗa waya.

Kuma a shirya wa abin da zai biyo baya. Mahaɗar bututun da aka shafa wa gam sama-sama tana iya jure ruwan tanki shekaru, amma ranar da inji ya matsa mata sai bango ya fara jiƙewa ta bayan tayil. Ruwan ma zai riƙa gudu. Bokiti mai lita 20 yana isar babba wanka. Shawa mai zubar da lita 12 a minti ɗaya, in ka yi minti 10 a ƙarƙashinta, lita 120 ke nan, kusan jarka biyar ta ɗan ga-ruwa. Ninka wannan da yawan mutanen gidanku.

Duk wannan tsakanin mutum da aljihunsa ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne masu ɗaura inji kai tsaye a kan bututun gwamnati. A unguwannin Kano da ruwan Tamburawa ko na Challawa ke kaiwa jefi-jefi, da ma sauran biranenmu, ruwa na zuwa ne a gajiye, na 'yan sa'o'i. Inji ba ya haifar da ruwa. In ya cika maka tanki cikin rabin sa'a, daga wani wuri ya janyo shi, kuma wurin nan shi ne famfon gidan da ke gabanka a layi, inda wata baiwar Allah ta jera robobi tun asuba tana jiran ɗigo. Gobe wanda ke da hali a cikinsu zai sayo injin da ya fi naka, jibi wani ya sayo wanda ya fi nasa, a ƙarshe marar inji ya koma sayen ruwan da ya kamata ya zo masa har gida. Mu da ke yawan maganar haƙƙin maƙwabci, ga shi nan a ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani.

Mai injin ma bai tsira ba. Bututunmu da yawa tsofaffi ne, wasu ta cikin kwata suka ratsa. Muddin akwai ƙarfin ruwa a ciki, in sun tsage waje suke zubarwa. Da inji ya fara zuƙa kuwa sai abin ya juya, ruwan kwata ya shige ta tsagar, ya tafi gidan mai zuƙa da na maƙwabtansa. Ta irin wannan hanya ce taifot da kwalara ke shiga gida.

A Ingila, inda injin shawa ya zama ruwan dare saboda tsofaffin gidajensu masu tanki a ƙarƙashin rufi, dokar kayan famfo ta 1999 ta wajabta sanar da kamfanin ruwa kafin a haɗa injin da ke jan fiye da lita 12 a minti da bututun da ke kawo ruwa gida. Su da ruwansu ba ya yankewa ke nan. Mu da namu ke zuwa da ƙyar, wanda ke son shawa mai ƙarfi ya ajiye tanki a ƙasa, ya sa masa bawul mai ƙwallo, ya bar ruwan gwamnati ya shiga da ƙafarsa gwargwadon yadda yake shiga gidan kowa. Daga wannan tankin sai ya ɗaura injinsa ya tura sama.