Shawara Ga Mai Neman Kyamarar Iyali

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, don in amsa wa wani malamin makaranta da ya rubuto yana tambaya wace irin kyamara mai araha ya kamata ya saya, ya riƙa ɗaukar hoton iyalinsa.

Wannan tambaya ta taɓa mini zuciya. A shekarar 2019 aka yi sunan 'yata ta fari, mahaifina ya taso daga ƙauye ya karɓe ta a hannu, na ɗauke su hoto da wayata. Bayan wata uku aka zare mini wayar a tasha, shekara ba ta kewayo ba tsohon ya riga mu gidan gaskiya. Yau yarinya tana tambayata kamannin kakanta, ba ni da abin da zan nuna mata. Tun daga nan na shiga binciken al'amarin kyamara, ga kuwa abin da na samo.

Kyamarar da ba ta bukatar fim, wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, shi ya fara haɗa ta a 1975. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, tana kuma cin daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda. Daga baya ta ƙanƙance ta yi araha, har a 2010 kamfanonin Japan suka fitar da fiye da miliyan 120. Sa'an nan waya ta kwashe kasuwa, a 2020 ba su kai miliyan 10 ba. Sabo da haka mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun biyan bukata cikin na gwanjo, irin su Canon PowerShot da Nikon Coolpix da Sony Cyber-shot.

Na farko, Malam, kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Megafiksel ɗaya shi ne ɗigo miliyan guda, da waɗannan ɗigogi a ke haɗa hoto. Masu wanke hoto suna son ɗigo 300 cikin kowane inci. To, yi lissafi da kanka: hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo 1,200 sau 1,800, watau miliyan biyu da 'yan kai. Babba na rataya a bango, mai inci 8 da 10, miliyan bakwai da ɗoriya. Ashe ke nan kyamara mai megafiksel 8 ko 10 ta ishe ka. In ka ga sabuwa mara sunan kamfani sananne, an rubuta mata 48 a kwali, ana sayar da ita kuɗin takalmi, ka tuna araha ba ta ado.

Na biyu, jawo abu kusa iri biyu ne. Akwai wanda gilashin kyamara ke yi da kansa, za ka ga hancinta yana fitowa yana komawa, wannan shi ne na gaske. Akwai kuma wanda ta ke yanko tsakiyar hoto ta kumbura shi, sai ya fito dishi-dishi. Na gaske mai ninki uku zuwa biyar ya wadatar ga suna da biki da hawan salla.

Na uku, batir. Tsohuwar kyamara batirinta ya kan gaji, kuma ba kowane a ke samu a kasuwa ba. Wadda ke cin batir ƙirar AA ta fi sauƙi ga mai zama inda wuta ba ta tsayawa, gama ko a ƙauye za ka same shi. Kadan mai batirin caji ce, kada ka biya sai an haɗa maka da cajarta.

Na huɗu, katin ajiya. Nemi mai cin katin SD. Waɗansu tsofaffin Sony suna cin Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuwa katin xD, duka biyu sun yi wuyar samu. Ka kuma sani yawancin waɗanda aka ƙera kafin 2006 ba su karɓar katin da ya wuce gigabait 2.

Na biyar, gani ya kori ji. Tun a gaban mai kaya ka kunna ta ka kashe sau da yawa, ka ga ko hancin yana cijewa. Ɗauki hoton farin bango, in tabo ya fito ƙura ta shiga ciki. Gwada fitilarta a ɗaki mai duhu, tun da yawancin hoton iyali a ɗaka a ke yinsa. In ka saya ka yi mata jaka, don ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gābarta.

Amma fa gaskiya ɗaya ce: in wayarka mai kyau ce, ba lalle ka sayi kome ba. Ni ba rashin kyamara ya cuce ni ba, sakaci ne, na tara ƙwaina duka a hannu ɗaya. Ko da me ka ɗauka, kowane wata ka juye hotunan a wuri na biyu, ka kuma zaɓi goma mafi kyau ka kai a wanke maka a takarda, ka rubuta sunaye da kwanan wata a baya. Ka fara da tsofaffin gida tun suna raye.

Allah ya ba mu ikon kiyaye abin da za mu bar wa na baya, amin.

Ni ne naka,
Akawu, Kaduna.