Tukunyar Iska Biyu Ba Wasan Turawa Ba Ce



Jiya a majalisarmu ta bayan Isha'i, nan Bauchi, wani yaro ya nuna mana hoton mai nutso goye da tukwanen iska biyu. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Ƙoshi ne kawai, Bature ya rasa abin yi da kuɗi." Aka kwashe da dariya. Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya, amma a nan ban bi ka ba.

Mu fara da kayan. Abin da ke cikin tukunyar nan iskar da muke shaƙa ce aka matse. Tukunya mai lita 12, in an cika ta yadda aka saba, tana ɗaukar iska kamar lita 2,400. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne mutum ya ninka na bakin ruwa, a mita 30 ya ninka sau huɗu, haka kuma iskarsa ke saurin ƙarewa. Shi ya sa ake ɗaure tukwane biyu da maɗaurin ƙarfe, a haɗa bakunansu da bututu mai makulli a tsakiya, kowace da abin shaƙarta. In ɗaya ta fara yoyo, sai ya miƙa hannu baya ya rufe makullin, ya tsira da iskar ɗayar har ya fito. Wannan shi ne ƙoshi? Mai tafiya doguwa ma ai ba ya barin safaya a gida.

Za a ce ai don nishaɗi suke yi. To, a 2018 yara 12 da kocinsu sun maƙale a wani kogo da ruwa ya cika a ƙasar Tailan. Waɗanda suka fara isa gare su mutum biyu ne daga Ingila, Rick Stanton da John Volanthen, kuma nutson kogo sha'awa ce kawai gare su. Wasan nan ne ya fito da yaran da rai.

Mu kuwa fa? A Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A irin wannan rana wa muke kira? Masunta, da numfashin ƙirjinsu kaɗai. Allah Ya saka masu, amma minti nawa ɗan Adam zai yi a ƙarƙashin ruwa?

Na sani ajali ba ya wuce lokacinsa. Na kuma sani rigar ruwa ta fi mai nutso ceton rai. Amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ko gawar ce, uwa tana da haƙƙin a fito mata da ɗanta a yi masa sutura.

Yawancinmu daga garuruwan tudu muka zo, ba mu iya iyo ba, ga madatsar Gubi a gefen gari, ga kududdufai duk damina, yaranmu na faɗa masu. Ƙungiyoyinmu na tara kuɗin biki da na walima. Me zai hana mu ɗauki nauyin samari biyu su koyi nutso a hannun ƙwararru? Biyu na ce, don ba a shiga ruwa mutum ɗaya.

Wanda ke da ja, ina saurare. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.