Dara ta ci gida

Da zarar zaɓe ya ƙarato, daga Barnawa zuwa Sabon Tasha a nan Kaduna, babu majalisar da za ka zauna ba ka ji wani ya ce siyasa dara ce ba. 'Yan boko ma har ƙarawa suke, wai ches ce, darar nan mai sarki da dawaki. Kullum na ji wannan zance sai raina ya sosu.

Wasan ches dai ba baƙo ba ne a wajenmu. Larabawa sun buga shi da sunan shaɗaranji, a Borno ma an daɗe ana buga wani nau'insa, tsatsarandi. Kuma gaskiya ne ya sha zama inda aka zubar da jinin masu mulki. Malaman tarihi sun kawo cewa Halifa Amin, ɗan Haruna Rashid, yana kan allon wasa lokacin da rundunar ɗan'uwansa Ma'amun ta ritsa shi a Bagadaza, a shekarar 813 kuma aka sare kansa. A Tarayyar Sobiyet, Nikolai Krylenko shi ne uban ches na ƙasar, shi ne kuma mai gabatar da ƙarar da ya aika mutane da yawa lahira. A 1938 gwamnatin Stalin ta harbe shi.

Amma a ƙa'idar wasan ba a cin sarki. In an tsare shi ya rasa mafita, shi ke nan, a yi musafaha, a sake jera 'ya'ya. Wanda ya ɗauki bindiga ya riga ya kifar da allon.

Mu a Kaduna ba sai an ba mu labarin Bagadaza ba. Manjo Chukwuma Nzeogwu a garin nan aka haife shi, a nan ya yi makaranta, Hausa kuwa kamar jakin Kano. Daren 15 ga Janairun 1966 ya fito da sojoji da sunan atisayen Damisa, suka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu, aka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa, da Kanar Shodeinde. Lissafinsu shi ne a kawar da manya, ƙasa ta gyaru. To, me ya biyo baya? Tarzomar Mayu, juyin mulkin 29 ga Yuli da ya ci Janar Ironsi da Fajuyi, sai yaƙin basasa har 1970. Nzeogwu kansa a 1967 aka kashe shi kusa da Nsukka, aka dawo da gawarsa Kaduna aka binne.

Su wa suka ji jiki? Ku tambayi dattawan Kakuri da Makera. Masaƙar da aka buɗe a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, ta tara ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan. A 1966 wasunsu sun tsere Gabas da abin da hannu zai iya ɗauka, wasu ko tashar jirgin ƙasa ba su kai ba. Babu wanda ya shawarce su kafin a ɗana kunamar bindiga.

Ba na gaba da wasan, asali ma ina so a kai shi makarantun firamaren Narayi da Nasarawa, kamar yadda Tunde Onakoya ya kai shi unguwannin talakawan Legas, don yana koya wa yaro haƙuri da hangen gaba. Abin da na ƙi shi ne ɗan siyasar da ke kallon 'ya'yan mutane a matsayin 'ya'yan dara. Matasan kudancin kogin Kaduna da na arewacinsa, in wani ya ce muku wasa yake bugawa, ku tambaye shi a wane gida ya ajiye nasa ɗan.