Na'ura ta rubuta, wa zai sa hannu?

A shekarar 2022 aka hito da ChatGPT, dabarar kwamfuta mai rubutu kamar mutum. Yau ƙungiyar manoman albasa ta Madawa ko Buza na iya sa ta rubuta takardar neman bashi da Faransanci, cikin salula. Aikin da magatakarda ke kwana a kai, ta gama kafin shayi ya dahu. Madalla.

Amma fa ba ta taɓa zuwa kasuwa ba. In ba ta san kuɗin buhu ba, sai ta ƙaga, ba kunya. A ganina, kar shugaba ya sa hannu sai an karanta takardar da Hausa gaban ƴan ƙungiya, an gwada lissafin da littafin ma'aji. Bashin nan, su za su biya shi.