Wa zai karanta mana ƙasar Sin?

A watan Oktoba na 1850 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya sauka Agadas. Bai shigo da kaya masu yawa ba, amma ya shigo da Larabci da Hausa a bakinsa, ya zauna makwanni kaɗan, ya gana da Sarkin Abzin, ya rubuta yadda ake ciniki da yadda ake sarauta. A cikin abin da ya rubuta har da muƙamin Sarkin Turawa, wato bafaden da ke kula da baƙin fatake daga arewa. Ke nan tun wancan zamani fadar Agadas ta san cewa hulɗa da baƙo aiki ne mai neman gwaninsa.

Yau babban baƙon da ke ciniki da Nijar shi ne ƙasar Sin, waɗanda a kasuwa muke ce wa Shinuwa. A 2007 aka kafa kamfanin SOMINA don haƙar yuraniyom a Azelik, can wajen Tegidda-n-Tesumt, a ƙasar Ingal, kuma kamfanin gwamnatin Sin ne ke da kaso mafi girma. A watan Yuli na wannan shekara ƴan tawayen MNJ suka kama wani babban ma'aikacin Sinawa a yankin, suka sake shi bayan kwanaki. Ma'aikata sun yi kukan albashi, makiyaya sun yi kukan ruwa da makiyaya, daga bisani aikin ya tsaya. A 2008 aka sa hannu da CNPC kan man Agadem, a Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a yini, a 2024 kuma ɗanyen mai ya fara fita ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. A watan Maris na 2025 hukumomin Yamai suka sallami manyan Sinawa uku na kamfanonin man, bisa ƙorafin bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga ana ta yin karo a wuri guda: kowane ɓangare yana zaton ya gane ɗan'uwansa. To amma su sun riga mu shiri. Gidan rediyon Beijin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, kuma tun shekarun 1960 ake koyar da Hausa a manyan makarantun birnin. A 2007 jami'ar horar da malamai ta lardin Zhejiang ta buɗe cibiya sukutum don nazarin Afirka. Basinen da zai zauna gaban ministanmu yana da malamai a bayansa da suka karanta dokokinmu da siyasarmu. Namu fa, wa ke bayansa?

Za a ce ai muna tura ɗalibai can da burs. Gaskiya ne, kuma likitoci da injiniyoyin da suka dawo sun yi amfani. Sai dai wanda ya je ya koyo gyaran rijiyar mai ya karanta mai ne a ƙasar Sin, bai karanta ƙasar Sin ba. Haka ma tafinta. Harshen kansa ba ya gagarar Bahaushe kamar yadda ake tsoro, domin karin murya huɗu ne a Sinancin hukuma, mu ma kuwa da hawa da saukar murya muke raba kalma da kalma. Wahalar tana ga rubutu, inda sai mutum ya haddace alamomi kamar dubu uku kafin ya karanta jarida a natse. Amma tafinta yana juya maganar da aka faɗa ne kawai. Ba aikinsa ba ne ya gaya wa gwamna cewa darektan da ke gabansa ba shi ne mai yanke shawara ba, cewa a cikin kowane babban kamfanin gwamnati akwai kwamitin jam'iyyar kwaminis, cewa wani “za mu duba” ƙi ne cikin ladabi, wani kuma jiran umarni ne daga Beijin. Wannan sani sai wanda ya wuce lisansi, ya yi mastar ko dokta a kan siyasar ƙasar, da tarihinta tun daga 1949, da sauyin tattalin arzikin da Deng Xiaoping ya fara a 1978.

Mun taɓa biyan kuɗin rashin wannan sani. Nijar ta ƙulla hulɗa da Beijin a 1974, zamanin Seyni Kountché. A 1992, lokacin da baitulmali ya bushe, ma'aikata na bin bashin albashi, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadou Cheiffou ta koma ga Taiwan don neman rance. Nan take Beijin ta janye, ayyukanta suka tsaya, har sai 1996 da Ibrahim Baré Maïnassara ya maido da hulɗar. Ko an yarda da shawarar ko ba a yarda ba, duk ɗalibin da ya yi shekara guda yana nazarin manufar “Sin ɗaya tak” zai iya faɗin abin da zai biyo baya tun kafin tawada ta bushe.

Hanyoyin karatun kuwa suna nan. Jami'ar Beijin tana da shirin mastar na nazarin ƙasar Sin da take karɓar baƙi. A Paris, makarantar INALCO tana koyar da Sinanci da Hausa a gida ɗaya, abin da zai yi wa mai Faransanci sauƙi. Maƙwabtanmu na kudu suna da cibiyoyin Confucius a Awka da Legas. A nan sai na ja kunne: cibiyar Confucius ta gwamnatin Sin ce, tana koyar da harshe da kyau, amma ba za ta koya maka yadda ake ja da mai ita ba. Wanda ya yi duk karatunsa da kuɗin Beijin zai dawo da idon Beijin, kamar yadda wanda ya yi shi duka a Faransa zai dawo da tsoron da Faransawa ke yi wa kishiyarsu. Gara gwamnatinmu ta biya da kanta, ɗalibi ya zauna can ya zauna nan, ya kuma yi bincikensa a kan abin da ya shafe mu.

Abin binciken ma ba sai an je nesa ba. Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, tana tsakiyar jahar ma'adinai. Tsofaffin ma'aikatan Azelik suna raye a Ingal da Agadas da Arlit, ƴan kasuwarmu da ke safarar kaya daga Guangzhou suna da labarin da ba a taɓa tattarawa yadda ya kamata ba. Ko ɗalibai biyar aka zaɓa a shekara, masu Hausa da Tamajak da Faransanci, aka ƙara musu Sinanci da shari'a da tarihi, aka yi musu alkawarin aiki a ma'aikatun ma'adinai, man fetur da harkokin waje idan sun dawo, cikin shekara goma an samu mutum hamsin. Kuɗin horar da su duka bai kai ko kusa da kashi ɗaya cikin ɗari na dala miliyan 400 da Nijar ta karɓa daga CNPC a matsayin kafin alƙalami a watan Afrilun 2024 ba.