Kafin mu damƙa dukiyar manomi ga na'ura

Manomin Rimin Gado ba ya zuba irin da ya sayo a kasuwa a gona haka kawai. Sai ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya binne a bayan ɗaki, ya yi musu ban-ruwa, ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Wannan tsohuwar hikima na tuna a hutun Sallah, lokacin da ɗan yayana ya buɗe kwamfutarsa ya ce, "Baffa, zo ka ga adashin da ba ya buƙatar uwar adashi."

Abin da ya rubuta shi ne yarjejeniya mai zartar da kanta, wato jerin umarni da ake ɗorawa a kan bulokcen, kundin nan da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa. Da zarar sharaɗi ya cika, kuɗi ya tafi ga mai shi. Kuma idan an ɗora ta, ba a goge kuskure yadda malamin kotu zai ja layi ya gyara takarda.

Yaron bai kai ta babban dandalin Ethereum ba. Ya ɗora ta a Sepolia, filin gwaji inda ake amfani da kuɗin wasa. A zagaye na uku sai ga shi ta ba mutum ɗaya kwasa sau biyu. Ya yi dariya ya gyara, ya sake ɗorawa. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin na hango kuɗin takin matan Gulu da Butu-butu a cikinta.

Mai karatu kada ya ɗauka wannan tsoron ƙauyanci ne. A shekarar 2016 wata ƙungiya mai suna DAO ta tara kimanin dala miliyan 150 a irin wannan yarjejeniya. A watan Yuni wani ya gano ɓaraka a rubutun, ya kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai da aka raba Ethereum gida biyu kafin a maido da dukiyar.

Mataki na biyu da ya nuna mini shi ne tantancewa. Abin da ke zaune a kan bulokcen harshen na'ura ne, mutum ba ya iya karanta shi cikin sauƙi. Don haka marubuci kan miƙa ainihin rubutunsa ga shafi irin Etherscan, a juya shi zuwa harshen na'ura, a gwama da wanda aka ɗora. Idan sun dace, kowa na iya karantawa. Amma fa tantancewa shaida ce kawai cewa abin da ka karanta shi ke aiki. Ba ta ce babu zamba ko kuskure a ciki ba.

A watan Mayun 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen, a Disambar shekarar kuma Babban Banki ya janye takunkumin da ya sanya wa bankuna a 2021 kan hulɗa da masu kirifto. Ke nan ƙofa a buɗe take, kuma ko ba jima ko ba daɗe za a zo wa ƙungiyoyin manoma da tayin rance da adashi ta wannan hanya.

Shawarata ga 'yan bokonmu, waɗanda iyaye ke tambaya kafin su sa hannu, ita ce mu nemi abu uku. A nuna mana tarihin gwajin yarjejeniyar. A nuna an tantance ta, wani masani da ba shi da rabo a ciki ya duba. Sannan a fassara sharuɗɗanta da Hausa, a karanta a gaban mai unguwa da liman.

Akwai kuma abin da gwaji ba zai warware ba. Suratul Baƙara da ta umarce mu da rubuta bashi, ita ce ta umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Na'ura ba ta san damina ta yi gardama ba. Duk yarjejeniyar da ba ta bar wa dattawa ƙofar sassauci ba, ba ta dace da gonakinmu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa mu gane.