Gayyar Gyaran Hanya a Ƙasar Gwaram

Jama'a, ga wata magana da muke so mutanen Kwandiko da na sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu su duba da idon basira. A daminar 2021 ruwa ya cinye gadar Radabi, a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motoci suka auka cikin ramin, mutum 21 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Gina gada irin wannan aikin Gwamnati ne, ba mu musu. Amma tare hanya da ƙaya da duwatsu, da hura wuta don mai zuwa da dare ya ja birki, wannan bai fi ƙarfin kowane ƙauye ba.

To, balle ƙananan turbobi da burtali, waɗanda injiniya ba ya zuwa dubawa. Su ne mai keke da mai babur da mai amalanke ke bi zuwa kasuwa, su ne kuma ake bi da mace mai naƙuda zuwa asibiti. Abin da ke kashe su ruwa ne. Ƙasar nan mai duwatsu ce, ruwa kuwa in ya gangaro daga tudu ya sami sawun taya, sai ya mai da shi magudanarsa. Bana ɗan tsagi ne wanda yaro zai tsallake, baɗi ya zama kwazazzabo. Maganinsa fartanya: a yanka wa ruwan 'yar hanya a karkace, ya fita gefe tun bai yi ƙarfi ba, a yashe kwalbati kafin ruwan fari, a sāke azarar giginyar da ta ruɓe a kan rafi. Itace kuwa in iska ta kā da shi, kowa ya kan ratse ta gonar wani, har a kai ga shari'a, alhali samari huɗu da gatura sun ishe shi kafin azahar.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ai muna biyan haraji. Dattawa kuma ba su manta da aikin tilas na zamanin Turawa ba, sa'ad da a kan kwashi mutane daga gonakinsu a kai su fasa hanya. Gaskiyarsu. Amma ko yarjejeniyar da aka ƙulla a Janiba a 1930 don hana aikin tilas ta ware ƙananan ayyukan da mutanen gari ke yi wa garinsu, muddin an shawarce su. Shawarar nan ita ce ta raba gayya da bauta. A Amurka da Ingila ma, masu hawan keke cikin duwatsu don nishaɗi kawai su kan taru ran hutu su gyara turbobinsu, ba wanda ya ba su ko anini. Mu da hatsinmu ke bin tamu fa?

Saboda haka muna roƙon dagatai da masu unguwanni su sa rana biyu a shekara, ɗaya da bazara, ɗaya bayan kaka. A yi shela a masallaci ran Juma'a, kowace unguwa ta san iyakar rabonta, masu hali su kawo fura da goro. Abin da ya gagari fartanya kuwa, malamin makaranta ya rubuta shi, dagaci ya kai wa Hakimi da Ƙaramar Hukuma tun sama ba ta haɗa hadari ba.